Eriyar waje da busta: ƙara ƙarfin sabis ɗin data a cikin mota

Eriyar waje da busta kayan aiki ne guda biyu da ake haɗawa a mota ko bas ko tirela domin waya ko rawuta (akwatin nan da ake sa wa sim yana raba intanet ta waifai) ta samu sabis mai ƙarfi a kan hanya, musamman in an bar gari an shiga daji inda ƙarafunan sabis suke nesa da juna. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, alhali kowanne da aikinsa. Eriya kamo sabis take yi daga iska ta turo shi ta kebul, ba ta shan wuta, ita kuwa busta na'ura ce mai shan wuta, tana karɓar abin da eriyar ta kamo ta ƙara masa ƙarfi sannan ta sake watsa shi a cikin motar. A Amurka da Ostireliya da Turai masu motocin nan da ake yawo ana kwana a cikinsu su ne manyan masu saye, a wajenmu kuwa buƙatar ta fi kama direbobin doguwar tafiya da masu POS da ke bin kasuwannin ƙauye da ma'aikatan da aikinsu sai da intanet alhali a daji suke wuni.

Me yake kashe sabis a mota

Abu na farko ita kanta motar ce. Jikinta ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana tare igiyar rediyo, tushen wannan tun 1836 masanin nan na Ingila Michael Faraday ya nuna shi da wani ɗaki da ya lulluɓe da ƙarfe, cajin lantarkin waje ya kasa shiga ciki. Toh wayar da ke cikin mota ta gilashi kawai take samun sabis, in kuma gilashin an manna masa baƙar ledar nan mai ƙarfe-ƙarfe a ciki to nan ma an ƙara rage hanya. Shi ya sa za ka ga direba ya faka ya fito ya hau saman kaya yana ɗaga waya sama, kuma sau da yawa sabis ɗin ya zo, domin ya yi maganin abu biyu a lokaci guda, ya fita daga cikin ƙarfe kuma ya ƙara tsayi.

Na biyu nisa da tudu da bishiyoyi. Ƙarfen sabis mai tsayin mita 50, a shimfiɗaɗɗen fili, iyakar hangensa wajen kilomita 29 ne saboda lanƙwasar ƙasa, kuma tun kafin a kai nan ɗin ƙarfin ya riga ya zube. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: magana ce ta ɓangare biyu. Ƙarfen sabis yana watsawa da wat gomomi, ita kuwa waya a kan 4G iyakarta miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Sai ka ga wayar tana jin ƙarfen, har ta nuna sanda ɗaya ko biyu, amma shi ƙarfen ba ya jin ta, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo ya ƙi tafiya.

Sannan zangon da ake watsawa a kai, wato lambar igiyar rediyon da sabis yake hawa, wadda ake aunawa da megahaz. Kamfanoni suna amfani da megahaz 700 da 800 da 900 da 1800 da 2100 da 2600, sai 3500 na 5G wanda MTN da Mafab suka ci gwanjonsa a Najeriya a Disambar 2021. Ƙaramar lamba ita take tafiya nesa kuma ta fi ratsa bango da itatuwa, babbar lamba ta fi ɗaukar data amma ba ta nisa. Don haka a tsakiyar daji kusan kullum 700 zuwa 900 ne suke kawo maka agaji, eriyar da ba ta kama waɗannan ba ta da wani amfani ga matafiyi komai kyanta.

Yadda ake aunawa

Sandunan da ke saman waya ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Ma'aunin gaske lamba ce da ake kira dBm kuma kullum da alamar ragi take zuwa. A 4G ana duba RSRP, wato ƙarfin sabis ɗin da ya iso wayar: wajen -80 sabis ne mai kyau sosai, -100 ana maneji, daga -110 zuwa -120 kuwa an kai gaɓa. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne, duk ƙarin dB 3 ninki biyu ne, dB 10 ninki goma, kenan wanda ya tashi daga -110 ya dawo -100 ya ninka ƙarfinsa sau goma. Akwai lamba ta biyu, SINR, wadda take nuna yadda sabis ɗin ya fi hayaniyar da ke kewaye da shi, kuma ita ce ta fi faɗa maka gudun da datar za ta yi. In ta haura 13 abu ya yi kyau, in tana kusa da sifili ko ƙasa da shi to ko sanduna sun cika bidiyo zai dinga tsayawa. A Android ana ganin dBm a saitin waya wajen bayanin sim, a iPhone ana danna *3001#12345#* a kira.

Eriya

Iri biyu ne manya. Akwai mai kama ko'ina, wadda take jin sabis ta kowace fuska, ita ake sa wa mota mai tafiya tunda kowace kwana ƙarfen sabis yana sauya waje. Yawanci 'yar sanda ce mai mayen ƙarfe a gindi da ake mannawa a rufi, ko mai kamar ƙwarya a kife da ake ɗaurewa da noti. Irin mai mayen ƙarfen nan rufin motar ma wani ɓangare ne na eriyar, don haka tsakiyar rufi ake sa ta, a tsaye cak, in aka ɗora ta a kan roba ko katako ko can gefen kariyar ɗora kaya aikinta ya ragu.

Ɗayar kuma mai fuskantar waje ɗaya ce, kamar Yagi wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926, irin eriyar talabijin ɗin da muka taso muna gani a kan dogon gora ana juyawa sai hoto ya fito. Tana tattara jinta waje guda, a ma'aunin ƙarfin jin eriya da ake kira dBi tana iya ba da 10 ko fiye, yayin da mai kama ko'ina take tsayawa wajen 2 zuwa 5. Amma sai an saita ta ta kalli ƙarfen sabis, saboda haka ta wanda ya yada zango ce, kamar mai POS da zai wuni a kasuwa ko tirelar da za ta kwana, a ɗaga ta a kan fayif mai mita 4 ko 5 a dinga juyawa a hankali ana duban lamba, ana ɗan jira bayan kowace juyawa don lambar ba ta sauyawa nan take.

Wani abu da ya kamata a gane shi da kyau shi ne MIMO. 4G da 5G ba da eriya ɗaya suke aiki ba, suna turo data ta hanyoyi biyu ko huɗu a lokaci guda a kan zango ɗaya, shi ya sa za ka ga bayan rawuta da ramin eriya biyu. Eriyar MIMO ita ma kebul biyu ko huɗu take fitarwa. Wanda ya jona ɗaya ya bar ɗaya ya ajiye wani kaso mai yawa na gudun da zai samu. Wayoyin zamani ba su da ramin eriya ko ɗaya, saboda haka hanyar ita ce a sa sim a rawuta ko MiFi mai rami, irin na Huawei ko Teltonika ko MikroTik ko Peplink, eriya ta shiga rawutar kai tsaye, su kuma wayoyi su hau ta waifai. Don data zalla, a ganina wannan haɗin ya fi busta nesa ba kusa ba, kuma ya fi ta sauƙin kuɗi a mafi yawan lokuta.

Kebul kuwa nan ne ake tafka asara ba a sani ba. Siririn kebul nau'in RG58 in ya kai mita 5 a kan megahaz 1800 yana iya cinye rabin ƙarfin ko fiye, RG174 ya fi shi ci, mai kauri irin LMR-400 asararsa wajen rubu'in ta RG58 ce sai dai yana da taurin lanƙwasa. Kebul ɗin dish ba na wannan aikin ba ne, a ma'aunin kebul da ake kira om shi 75 ne, kayan rawuta da yawancin bustocin mota kuwa 50 suke so. A taƙaita kebul iya yadda za a iya, kada a datse shi da ƙofa, kuma a duba bakin: SMA ne ko TS9 ko CRC9, don akwai RP-SMA na waifai da yake kama da SMA sak amma ba sa haɗuwa.

Busta

Sassa uku gare ta, eriyar waje da akwatin ƙara ƙarfi da ƙaramar eriyar ciki, tana shan wuta daga wajen cajin mota, kuma mai tirela ya duba ko tana ɗaukar bolt 24 don yawancinsu 12 ne. Amfaninta na gaske a ɓangaren turawa yake, tana ɗaga muryar wayar har ƙarfen sabis ya ji, kuma kira da tes ma suna amfana, kowa a motar da nasa sim ba tare da rawuta ba. Fitattun sunaye su ne weBoost da SureCall da Cel-Fi.

Sai dai tana ƙara sabis tare da hayaniyarsa ne, SINR ba ya gyaruwa don an ƙara ƙarfi, kuma yawancin bustoci hanya ɗaya gare su, suna rushe MIMO. Shi ya sa a wurin da sabis yake da dama-dama mutum zai kunna busta sanduna su cika amma gudun data ya ragu, a irin wurin kashe ta ya fi. Eriyar cikin ma ba ta nisa, sai wayar tana dab da ita. In kuma eriyar ciki da ta waje suka yi kusa to sai na'urar ta dinga jin kanta tana ƙarawa, daidai da ƙarar nan da lasifika take yi in an kusanto da makirfo. Mai kyau tana rage ƙarfinta ko ta kashe kanta, ta banza kuwa ci gaba take yi tana watsa hayaniya ta toshe wa ƙarfen sabis kunne, duk mutanen yankin su rasa kira ba su san dalili ba.

Wannan ne ya sa hukumomi suka sa ido. A Amurka hukumar FCC ta kafa ƙa'idoji a 2013, bustar mota mai ɗaukar duk kamfanoni kada ƙarinta ya wuce dB 50, irin wadda ake ɗora waya a jikinta kuma 23, sannan sai mai ita ya yi mata rajista da kamfanin layinsa. A Birtaniya sai 2018 hukumar sadarwarsu Ofcom ta halasta wasu nau'o'i ba tare da lasisi ba. A Najeriya hukumar NCC ta yi gargaɗi a bainar jama'a kan sayarwa da amfani da busta ba bisa ƙa'ida ba, kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai aka yarje wa su kafa ta, saboda zangon nasu ne. Eriyar da aka jona wa rawuta kai tsaye ba ta sake watsa sabis ɗin kowa, ba irin wannan na'urar ba ce. Kuma bustar da aka ƙera don Amurka zangunanta na can ne, 700 ɗinsu da 850 da 1900, in an kawo ta nan ba lallai ta kama komai ba, kuɗi sun tafi a banza. Ita kuwa 'yar sitikar nan da ake mannawa a bayan waya wai tana ƙara sabis, ba ta yin komai sam.

Abin da ba sa iya gyarawa

Inda babu sabis kwata-kwata busta ba ta da abin ƙarawa. In an kashe ƙarfen sabis, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, ko dizal ɗinsa ya ƙare, ko an yanke fayiba a wajen aikin titi, to babu eriyar da za ta taimaka sai dai in akwai wani ƙarfen a nesa da za a juya a kamo. Haka cunkoso, ranar kasuwa ko a babbar tasha sabis zai cika amma data ta ƙi motsi don mutane dubbai ne a kan ƙarfe guda, maganin wannan sim na wani kamfani ne, shi ya sa rawuta mai sim biyu take da daraja ga matafiyi. Dogayen hanyoyin sahara irin ta Agadez zuwa Dirkou kuwa akwai inda za a yi tafiya mai nisa babu ƙarfe ko ɗaya, can sai wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya ko intanet ɗin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023.