Waiwaye: Alƙaluman Ruwan Gulbin Rima da Wahalar Tantance Su

Wanda ya taɓa tsayawa a gadar Kwalkwalawa da ke kusa da birnin Sakkwato cikin watan Agusta ya san kamannin Gulbin Rima: ruwa jawur, cike da laka, yana tafe da ciyayi da karare. In ya dawo a watan Afrilu sai ya tarar ruwa ya janye, yashi ya fito, masu lambun albasa sun jera injinan ban-ruwa a gaɓa. Gulbin ɗaya ne, amma wanda ya auna ruwansa a waɗannan watanni biyu zai samu alƙaluman da ba su ko kama da juna. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya gaya mana ko ruwan yana gyaruwa ko yana lalacewa. Sai an daɗe ana ɗiba a wuri guda, ana aunawa ta hanya guda, kuma an adana abin da aka samu yadda na baya zai iya amfani da shi.

Da farko dai yawan ruwan ne abin damuwar hukuma. A shekarun 1960 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwa a kwarin Sakkwato. Sai ga farin farkon shekarun 1970, kuma a 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, wadda ke iya riƙe fiye da kubik mita miliyan 900 na ruwa. Abin da mai gina madatsa ke nema shi ne tsayin ruwa da ƙarfin gudunsa. Abin da ke narke a cikinsa bai samu irin wannan kulawa ba.

Hankali ya juya ne daga nesa. A 1988 aka gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, ba Kokon Kebbi ba, na bakin teku da ke jihar Delta a yanzu. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda ta fitar da iyakokin gurɓatawa a 1991. A 2007 NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo, kuma aka fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa, wanda aka sabunta a 2015. A 2010 aka yi dokar kafa hukumar NIHSA mai lura da al'amuran koguna da hasashen ambaliya, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idar ingancin ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Ƙara da hukumar ruwa ta jiha mai tace ruwan famfo, da malamai da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke ɗibar ruwa domin bincikensu. Masu aunawa sun yi yawa, kowa da littafinsa, kowa da salon rubutunsa.

Shekarar 2010 ba ta mantuwa. A watan Satumba ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasan Goronyo, ta tafi da gadar da ke kai mutane mazaunin jami'a na dindindin. Watanni kafin nan aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Akasarin gubar ta ƙura da ƙasar gidajen da ake niƙa dutsen zinari ta shiga jikinsu, amma dole mai hankali ya tambaya: da ruwan sama ya wanke wannan ƙasa, ina ya kai ta? Amsa irin wannan tambaya na buƙatar sanin yadda rafukan suke tun kafin abin ya faru, kuma a nan ne darajar tsohon alƙalami da aka adana da kyau take fitowa.

Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya kawo mini teburin sakamakonsa. Ya sha wahala ƙwarai, ya bi gaɓar gulbi a kan babur wata uku. A layin dalma ya rubuta 0.00 a ko'ina.

"Wannan sifilin fa?" na tambaye shi.

"Malam, haka na'ura ta nuna."

To, na'ura ba ta ce babu dalma ba, cewa ta yi ba ta gani ba. Iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita ɗaya. In na'urar ba ta iya hango abin da ya gaza 0.05, ruwa na iya ninka iyakar sau uku ta nuna sifili. Abin da ya kamata a rubuta shi ne "ƙasa da 0.05", tare da sunan hanyar gwajin. A layin naitiret kuma, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, ya sa 12, bai faɗi ko naitiret ɗin gaba ɗaya aka auna ko naitirojin da ke cikinsa kawai ba. In na farko ne, ruwan yana nesa da iyakar miligiram 50 a lita. In na biyu ne, sai an ninka da kusan 4.4, ya zama 53, ya haura iyaka ke nan. Yaron ba malalaci ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa lamba ba ta tafiya ita kaɗai.

Tantancewa tun daga bakin gulbi take farawa. Zafin Sakkwato yana wuce maki 40 a bazara, kuma ruwan da za a ƙirga ƙwayoyin cutarsa yana son ƙanƙara a kula, ya isa ɗakin gwaji cikin kamar awa 6. Wanda za a nemi ƙarafa a ciki ana ɗiga masa asid tun a wurin, don kada su manne a jikin roba. Ana tafiya da gorar tataccen ruwa a cikin kayan. In aka auna ta aka ga dalma, to ƙazantar daga kayan aiki take. Ana ɗibar ruwa biyu a wuri ɗaya a ga ko za su ba da amsa ɗaya. Bayan an shigar da alƙaluma a kwamfuta akwai lissafin da ke tona kuskure: narkakken ƙarfe ba zai fi jimillar ƙarfen yawa ba, kuma sinadaran gishiri masu cajin lantarki na + da masu cajin − dole jimillar cajinsu ta yi kusan daidai, da tazarar da ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba.

Sai dai ba kowace baƙuwar lamba ce kuskure ba, kuma wannan ya fi damuna. Ruwa mai zafin maki 30 yakan riƙe iskar oksijin kamar miligiram 7.5 a lita. In aka ga 12 da tsakar rana, wataƙila na'ura ce ba a saita ba, wataƙila kuma gansakuka ce ta yi yawa saboda takin zamani da ke gangarowa daga fadama. Wanda ya goge lambar don teburinsa ya yi kyau ya goge labarin da ya fi kowanne muhimmanci. A sa mata alama, a rubuta dalilin shakka, a bar ta a wurinta.

Tun daga 2015 muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa ƙasashe bayar da rahoto kan ingancin kogunansu bisa abubuwa biyar: oksijin, gishiri, naitirojin, fosfaros da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Ana cewa ruwa na da kyau in kashi 80 cikin ɗari na awon da aka yi ya cika sharaɗi. A 2018 ruwan Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari na cikarsa, kuma idan ruwa ya ragu haka duk abin da ke cikinsa kauri yake ƙarawa. A 2021 kwalara ta kashe mutane fiye da 3,600 a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa.

Ɗalibin nan ya koma ɗakin gwajin, ya samo iyakar ganin na'urar da hanyar da aka bi wajen auna naitiret, ya gyara teburinsa. Wurare biyu kuwa dole muka cire su, domin a jikin gorunan "bayan gada" kawai ya rubuta, ba kwanan wata, ba lokaci, kuma shi kansa ya kasa tuna wace gada ce.