CONMESS da CONHESS: asalin rigimar albashin ma'aikatan asibiti da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Da an ce ana yajin aiki a asibitin gwamnati sai ka ji mutane suna cewa likitocin nan dai ba sa ƙoshi, alhali sau da yawa ma likitocin suna bakin aiki, waɗanda suka tafi su ne masu ba da magani da 'yan lab da masu ɗaukar hoto da masu ciro fayil. Wani lokacin kuma likitocin ne suka tafi sauran suna nan. Dalilin da ya sa ba kasafai suke tafiya tare ba shi ne ba tsarin albashi ɗaya suke ci ba, kuma abin da ɓangare ɗaya ke nema sau tari shi ne ainihin abin da ɗaya ɓangaren ya rantse ba zai yarda da shi ba.

A asibitocin gwamnatin tarayya, irin su asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Sakkwato ko na Maiduguri, teburin albashi biyu ne. Akwai CONMESS, wannan na likitoci ne da likitocin haƙori kaɗai, matakinsa bakwai, daga sabon likita mai hausmanshif, wato shekarar koyon aiki bayan gama karatu, har babban kwansultan, wato ƙwararren likita. Sai CONHESS mai mataki 15, shi kuma ya kwashe kowa da kowa, nas da ungozoma da masu harhaɗa magani da masana lab da masu gashin ƙashi da sauransu. Dukkansu biyun a 2009 aka fito da su, kuma wadda ta fitar ita ce hukumar tsara albashi ta ƙasa wato NSIWC, wadda aka kafa da dokar 1993. A lura da wannan da kyau, babu wata doka da majalisa ta zauna ta yi da ta ce likita zai ɗauki kaza nas ta ɗauki kaza. Sakula ce, wato takardar umarni, hukumar ke fitarwa bayan gwamnati ta amince, ita kuma sakula wata sakular na iya zuwa gobe ta shafe ta. Shi ya sa kowace ƙungiya ta san idan ta matsa lamba sosai lissafin na iya canzawa.

Raba teburin ma ba a 2009 ya fara ba. Tun 1991, zamanin Babangida lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka ware wa likitoci tsarin albashinsu daban, daga baya aka sake haɗe mutane, aka sake rabawa, to tun daga nan kowa ke riƙe da nasa tarihin. Likita zai ce maka an taɓa ba mu fifiko aka zo aka cinye shi, na CONHESS kuma zai ce maka ai da tare muke aka zo aka fifita su.

Zuciyar rigimar ita ce tazara, abin da suke kira rilatibiti a wajen taro. Ƙungiyar likitoci ta NMA matsayinta shi ne dole a samu tazara tsayayya tsakanin albashin likita da na sauran ma'aikata a kowane mataki, saboda shekara shida ta karatu da hausmanshif da shekarun rasidansi na neman ƙwarewa, kuma in mara lafiya ya mutu shi ake fara tambaya. Mu ɗauki misali kawai don a gane, ba ainihin albashin kowa ba ne, a ce likita na ɗaukar 150 takwaransa na CONHESS na ɗaukar 100. In aka ƙara wa na CONHESS ya koma 120 aka bar likita a 150, a wajen NMA an rage wa likita daraja ko da ba a taɓa masa ko kwabo ba, don haka sai an kai shi 180 kafin a zauna lafiya. In kuma aka kai shi 180 ɗin, sai gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya wato JOHESU ta ce to mu gyaran da muka nema ina yake, tunda tazarar da muke kuka da ita tana nan yadda take.

Abin da ya faru kenan a watan Janairun 2014. Gwamnati ta gyara CONMESS, likitoci suka ce wannan ba ƙari ba ne, gyaran kuskure ne, an dawo mana da tazarar da aka take. JOHESU ta ce ko ma mene ne sunansa kuɗi ne suka shiga aljihu, a yi wa CONHESS irinsa. Wannan magana ɗaya, a gyara CONHESS kamar yadda aka gyara CONMESS a 2014, ita ce ke saman takardar buƙatunsu a yajin aikin Satumban 2017 da aka sa hannu kan yarjejeniya a ƙarshen watan, ita ce a na 2018 da aka fara tsakiyar Afrilu aka kai ƙarshen Mayu, ita ce a na 2023 da suka janye bayan sun gana da Shugaba Tinubu yana sabon hawa, kuma ita ce dai suka sake fita a kanta a Nuwamban 2025. Sama da shekara goma ana jan zare ɗaya. Kuma duk sanda gwamnati ta nuna kamar za ta ba su, sai NMA ta fito ta ce in kun taɓa CONHESS ba ku taɓa namu daidai gwargwado ba mu ma za mu ajiye aiki.

Wani zai ce ai an yi musu ƙari a 2023. Eh an yi, kashi 25 cikin ɗari, na can ƙololuwa kuma kashi 35, amma teburin biyu aka yi wa tare, kuma in ka ƙara wa mutum biyu kashi iri ɗaya tazararsu ba ta motsa ba, a naira ma ƙaruwa take. Don haka kuɗin sun ɗan taimaka wa aljihu amma ba su taɓa rigimar ba sam.

Sai maganar tsallaken mataki, sikipin. A aikin gwamnati na yau da kullum ma'aikaci daga lebul 10 sai 12, ba a zama a 11. Ma'aikatan lafiya suka ce mu ma dama can haka muke yi, don haka daga CONHESS 9 sai 11, a tsallake 10. Gwamnati ta ce wannan ba ya kan ƙa'ida, aka tafi kotun ma'aikata ta ƙasa, a 2013 kotu ta ba ƙungiyoyin gaskiya. Nan take likitoci suka ce in dai ana tsallake to mu ma sai mun tsallaka, aka ba su, sai kuma aka shiga rigimar ariyas, wato bashin kuɗin tsallaken na 2014 da 2015 da 2016 wanda ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa NARD ta yi shekaru tana bi. Kada mutum ya raina mataki ɗaya, domin yana nufin shekarun jiran ƙarin girma, yana taɓa alawus tunda yawancinsu da matakin ake lissafa su, yana kuma taɓa abin da ake tura maka a asusun fansho kowane wata.

Alawus ma fagen daga ne mai zaman kansa, akwai na kol, wato zaman jiran kira bayan lokacin aiki, da na shiftin da na koyarwa da na ƙwarewa. Na haɗarin aiki shi ya fi ba ni takaici, shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata ga mutumin da ke taɓa jinin mai zazzaɓin Lassa, haka korona ta zo ta same shi, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga, kuma ko a nan an daɗe ana ja kan ko kowa zai ɗauki daidai tunda cuta ba ta tambayar satifiket, a ƙarshe aka rarraba, likitoci tsakanin 32,000 da 40,000, sauran tsakanin 15,000 da 34,000 gwargwadon mataki da irin aiki. A tsakiyar 2025 ma wata sakular alawus da NSIWC ta fitar ta tayar da ƙura, NMA ta ba da wa'adin kwana 21, nas-nas kuma suka yi nasu yajin gargaɗin a ƙarshen Yuli.

Bayan kuɗi akwai kujera. Dokar 1985 da ta tsara shugabancin asibitocin koyarwa ta ce shugaban asibiti sai wanda ya cancanta ta fannin likitanci, kuma a aikace likita ne kullum ke zama CMD, wato shugaban asibitin. JOHESU na ganin shugabanci harkar gudanarwa ce da bai kamata a kulle wa sana'a ɗaya ba. Haka aka sha fama kan ko mai harhaɗa magani zai iya amsa sunan kwansultan. Gwamnatin Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don ya duba wannan rashin jituwa, ya miƙa rahoto a ƙarshen 2014, amma ga shi har yau ana kan maganar.

To me doka ta ce kan yajin kansa? Dokar rigingimun ƙwadago ta sa aikin asibiti cikin ayyukan da jama'a ba za su iya rayuwa babu su ba, shi ya sa dole a ba da sanarwar kwana 15 kafin a ajiye aiki, wannan ne asalin wa'adin kwana 15 da kuke yawan ji a rediyo. Ta kuma tsara matakai, a fara da sulhu, in ya ƙi ministan ƙwadago ya shiga, daga nan kwamitin sasanci, daga nan kotun ma'aikata, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta cikakken hurumi kan shari'ar aiki. Sashe na 43 kuma shi ne ba aiki ba biya, kwanakin da ka yi kana yaji ba ka da haƙƙin albashinsu. An yi amfani da shi kan JOHESU a 2018 lokacin Chris Ngige na ministan ƙwadago, aka riƙe musu albashin Afrilu da Mayu, sai kuɗin da aka riƙe ɗin su ma suka koma sabuwar buƙata a yajin gaba.

Ni a ganina babban mai laifi a nan ba likita ba ne ba kuma nas ba ce, gwamnati ce da salon tattaunawarta. Ta shiga ɗaki da NMA ta sa hannu cewa za a kiyaye tazara, ta fito ta shiga wani ɗakin da JOHESU ta sa hannu cewa za a gyara CONHESS, alhali ta san alkawuran nan biyu ba sa haɗuwa sai da kuɗin da ba ta sa a kasafi ba, ƙasar da ta yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya a Abuja tun 2001 amma ta fi yawo a wajen kashi 5. Abin da ya kamata shi ne a auna kowane aiki da ma'auni ɗaya a fili, shekarun karatu, nauyin da ke wuyan mutum, haɗari, awannin aiki, a zaunar da kowa a teburi ɗaya a fitar da tazarar da kowa ya ga yadda aka yi lissafinta. Likita ya fi ɗaukar albashi, wannan ban ga abin musu a ciki ba, amma da nawa, kuma bisa wane lissafi, wannan ne ba a taɓa zama an warware ba.

Wanda bai taɓa shiga asibiti ranar yajin JOHESU ba ba zai gane ba. Likita na zaune a ofis da abin awonsa a wuya, amma ɗakin kati a rufe ba mai ciro fayil, ya rubuta gwajin jini lab da kwaɗo, ya rubuta magani famasi a kulle, tiyata ba ta yiwuwa don ba mai dafa kayan aiki, sai ka ga 'yan uwa sun naɗe tabarma sun kinkimo mara lafiya da ledar ruwa a hannu ana neman ɗan sahu, mai hali ya nufi asibitin kuɗi mara hali ya koma gida.

Sannan duk wannan bayanin na ma'aikatan tarayya ne. Sakular NSIWC ba ta hawa kan gwamna kai tsaye, jiha sai ta ga dama ta ɗauka, wata ta biya duka, wata ta biya wani kaso, wata tana kan tsohon teburi, ma'aikacin ƙaramar hukuma a asibitin sha-ka-tafi kuwa shi ne a can ƙarshen layi. Shi ya sa za ka ga nas biyu 'yan aji ɗaya a gari ɗaya, ɗaya a asibitin tarayya ɗaya a na jiha, albashinsu ko kusa bai haɗu ba, kuma da an buɗe ɗaukar aiki a tarayya sai asibitocin jiha su zube. Don haka in kai ma'aikacin jiha ne ka ji an ce an yi ƙari, kafin ka ci bashi a kansa ka nemi sakular ka duba su wa ta ambata da ranar da za ta fara aiki, sannan ka tambayi shugabannin ƙungiyarku ko gwamnatin jiharku ta fitar da tata takardar amincewa, don in babu wannan takardar ba abin da zai canza a alat ɗinka na ƙarshen wata.