Sikila da shanyewar ɓarin jiki a yara: tambayoyin iyaye da abin da binciken Kano da Kaduna ya gano

Duk gidan da ke da yaro mai sikila a garin nan ya san daren hunturun da ba a runtsawa. Yaro na kukan ƙashi, ana dafa ruwa ana gasa masa, ana jiran gari ya waye a nufi asibiti. Wannan ciwon kowa ya san shi. Wanda ba a cika magana a kansa ba shi ne shanyewar ɓarin jiki, alhali shi ne ke iya nakasa yaro har iyakar rayuwarsa. Ɗan ƙanwata yana da wannan lalura, kuma a zaman layin asibiti tare da sauran iyaye na tara tambayoyin nan. Yawancin amsoshin daga binciken da likitocinmu suka yi ne a Kano da nan Kaduna.

Yaro ƙarami ma yana samun shanyewar ɓarin jiki? Ba ciwon manya masu hawan jini ba ne?

Yana samu, kuma da yawa. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya zagayayya ce mai laushi, tana ratsa kowace siririyar jijiya, tana yin kwana kusan 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa, da iskar da take ɗauke da ita ta yi ƙaranci sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsu ba ya cika. Waɗannan sandararrun ƙwayoyi su ne ke ta gurzar bangon manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, bangon ya yi ta kauri, hanya ta yi ta tsukewa. Ran da ta toshe, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke dogaro da ita ya rasa jini, sai hannu ko ƙafa ko baki ya tafi.

Idan ba a yi rigakafin komai ba, kusan yara 11 cikin 100 masu SS, wato waɗanda suka gaji sikila daga uwa da uba duka, suna gamuwa da wannan kafin su kai shekara 20, kuma hatsarin ya fi yawa kafin shekara 10. Ku auna wannan da ƙiyasin da ake yi cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Akwai kuma nau'in da ba ya nuna kansa a jiki. Ƙaramin wuri ne ke lalacewa a ƙwaƙwalwa, yaro na tafiyarsa lafiya lau, amma ya soma mantuwa, karatu ya soma yi masa nauyi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin wannan yaro a makaranta ko a islamiyya daƙiƙi ake ce masa, har da bulala.

Ana iya gane yaron da ke cikin hatsari tun abin bai faru ba?

Ana iyawa, kuma wannan shi ne babban abin da nake so kowane uba da uwa su riƙe. Akwai gwajin da ake kira TCD. Na'urar 'yar'uwar wadda ake duba mai ciki da ita ce. Ana shafa ɗan mai a gefen kai, tsakanin ido da kunne, a ɗora kan na'urar, ta auna gudun jini a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi, yaro yana kwance idonsa biyu.

Hikimar abin duk wanda ya taɓa ban-ruwa da tiyo ya san ta: ka matse bakinsa, ruwa ya ƙara gudu. Haka jini yake idan jijiya ta tsuke. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko ya haura, yaron yana cikin babban hatsari. Tsakanin 170 da 199 ana sa masa ido, a sake gwajin nan kusa. Ƙa'idar ita ce duk yaro mai SS daga shekara 2 zuwa 16 a yi masa sau ɗaya a shekara, ko da ba ya ciwon komai.

To idan an gano yana cikin hatsari, sai me?

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. A 1998 wani bincike da aka yi a Amurka, mai suna STOP, ya nuna cewa idan ana yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini kusan duk wata, hatsarin yana raguwa da kashi 92 cikin 100. A can wannan ya zama ƙa'ida. Amma duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare, yana kiran 'yan'uwa da abokai a waya, ya san ƙarin jini duk wata na shekara da shekaru ba abin da talakan Rigasa ko Kawo zai iya ba ne. Ga kuɗi, ga ƙarancin jinin kansa, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki wanda shi ma sai an sha wani magani mai tsada a fitar da shi.

Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi tambayar da ta dace da halinmu: shin ƙwayar magani da ake sha sau ɗaya a rana za ta iya tsayawa a madadin jinin? Binciken, mai suna SPRING, ya ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu gwajin TCD ya nuna suna cikin hatsari. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shan maganin haidiroksiyuriya miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu, ɗaya kashin miligiram 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet ta ilimin jini a 2022.

Bayan an bi su sama da shekara biyu, yara 3 ne suka samu shanyewar ɓarin jiki a rukunin ƙaramin awo, 5 a rukunin matsakaici. Wato abin bai kai yara 2 cikin 100 a shekara ba a kowane ɓangare, alhali a binciken Amurka yaran da ba a yi wa komai ba wajen 10 cikin 100 ne ke gamuwa da shi duk shekara. Ta fuskar kare ƙwaƙwalwa ba a ga bambanci tsakanin awon biyu ba. Inda suka bambanta shi ne kwanciya asibiti: masu shan matsakaicin awo sun fi samun sauƙinta.

Yaran nan 220 'ya'yanmu ne, iyayensu suka amince suka riƙa kawo su wata bayan wata. Yanzu likitoci a wasu ƙasashe suna kafa hujja da abin da aka gano a jikinsu, don haka bai kamata maƙwabcinsu a Tudun Wada ya zauna bai ji labari ba.

Shi maganin, me yake yi a jiki?

Kun lura jariri mai sikila ba ya nuna alama sai ya kai wajen wata 6? Dalili shi ne yana zuwa duniya da irin himogulobin na jarirai (himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwayar jini), wanda ba ya barin ƙwayar jini ta lanƙwashe. Yana girma wannan yana raguwa, sai a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Haidiroksiyuriya yana sa jiki ya koma ƙera wannan na jarirai da yawa. Ƙwayoyin jini su ƙara laushi da tsawon kwana, jini ya ɗan hau, toshewa ta ragu. Aikinsa a hankali yake, sai an yi watanni ana sha kullum kafin a ga canji, kuma da an daina jiki zai koma gidan jiya.

An ce mini maganin ciwon daji ne. Ba zai cutar da yarona ba?

Gaskiya ne da shi aka fara wajen wasu cututtukan daji, kuma wannan tsoro na ji shi daga bakin iyaye fiye da sau goma. Amma an daɗe ana ba masu sikila. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya tun 1998, ga yara kuma a 2017.

Damuwar da masana suka yi game da Afirka ita ce zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka, tunda maganin yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Binciken REACH, da aka yi kan yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, ya amsa wannan a 2019. Ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, shi kansa zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi.

Duk da haka ba maganin da za a shiga kemis a saya da ka ba ne. Likita ne ke auna nauyin yaro ya yanka masa awo, ya riƙa duba jininsa lokaci zuwa lokaci. Wani bincike a Yuganda a 2020 ya nuna cewa inda ake da halin sa ido sosai, ƙara awon a hankali zuwa wajen miligiram 30 kan kowane kilo ya fi rage ciwo. Wannan hukuncin likita ne. Budurwar da ke shansa kuma ta tashi aure, a sanar da likita kafin maganar ciki.

Yaron da abin ya riga ya same shi fa?

Alamomin su ne karkacewar baki, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe, jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. A gidajenmu abin da aka fi cewa shi ne iska ta buge shi, a shiga neman mai ruƙiyya da hayaƙi. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ita ce makamina. A yi ta a cikin Keke Napep ana hanyar asibiti, domin abin da yaron ke buƙata a sa'o'in farko shi ne ƙarin jini na gaggawa. Ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci, a je.

Wanda ya samu sau ɗaya yana cikin hatsarin maimaitawa. Waɗannan likitoci sun yi wani binciken, SPRINT, kan yara 101 da abin ya riga ya taɓa, aka wallafa a 2023. Nan ma ƙaramin awo da matsakaici sun zo daidai wa daida, abin da ya ba likitoci madogara ta ba da maganin inda ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba.

Jaririna bai nuna komai ba, amma ni da babansa duk AS ne. Mu jira?

Kada ku jira. Kowane ciki da kuka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, don haka haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin ukun da ke biye sun tsira. Yanzu akwai gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri, wasu ma a take suke ba da sakamako.

Amfanin sani da wuri babba ne. Saifar waɗannan yara tana lalacewa tun suna ƙanana, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Tun 1986 bincike ya nuna cewa ba su penisilin kullum yana rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100. A haɗa da cikakkiyar allurar rigakafi, gidan sauro, folik asid, ruwan sha isasshe da suturar sanyi. Zafin jikin da ya kai 38.5 a wurinsu maganar asibiti ce a ranar, ba ta farasitamol a gida ba. Maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe kuma kada a ba su sai likita ya ce.

Ba gwajin jini kafin aure ne maganin abin gaba ɗaya ba?

Yana da muhimmanci ƙwarai, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. Kano ta mayar da shi doka a 2024, a nan ma masallatai da coci-coci da dama suna neman takardar kafin ɗaurin aure. Shawarata a yi shi tun kafin magana ta yi nisa, a wurin gwajin da aka yarda da shi. Sai dai yana kare waɗanda ba a haifa ba ne. Waɗanda ke hannunmu yau, gorin iyayensu ba zai buɗe musu jijiya ko ɗaya ba.

Ana warkewa kwata-kwata?

Dashen ɓargo yana warkarwa idan an samu ɗan'uwa da jininsu ya dace. An fara yin sa a Najeriya a Benin a 2011, Legas ta biyo baya a 2024, amma yana da tsada da hatsarinsa. Akwai kuma Casgevy, mai gyara ƙwayar halitta, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

A Kaduna, ina zan fara?

Fara da asibitin da yaron ke zuwa ganin likitan sikila, idan kuwa ba shi da kati a ko'ina, buɗe masa shi ne matakin farko. Barau Dikko yana cikin cibiyoyin da aka yi binciken SPRING, don haka nan wurin tambaya ne. Likitocinsa sun kuma tsara wani aiki a asibitin Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada, na koya wa ma'aikatan jinya yin gwajin TCD da kansu, saboda ƙwararrun likitocin hoto ba su da yawa. A ganina wannan shi ne abin da zai kai gwajin har Kafanchan da Birnin Gwari da Saminaka. Mutanen Zariya da kewaye suna da asibitin koyarwa na Shika.

Idan kun shiga wurin likita, ku ambaci gwajin da sunansa, ku tambayi lambar da ta fito ku sa a rubuta muku a katin yaron, sannan ku tambaya ko ya cancanci fara haidiroksiyuriya. Idan aka ce babu na'urar a wurin, ku nemi takardar turawa zuwa inda take, ku kuma riƙe watan da aka yi gwajin domin a maimaita baɗi war haka.