Wuƙar aljihu ta farko: tambayoyin mai saye da amsoshinsu

Mai neman wuƙar aljihu, irin wadda ruwanta ke naɗewa ya shige cikin mariƙi, yakan rikice tun kafin ya taya. Ga mai araha a teburin ɗan koli, ga wadda kuɗinta ya kai na waya a shagunan intanet, kuma a hoto duk ƙyalli suke yi. Ga abubuwan da aka fi tambaya.

Wane girma ne ya dace da wanda bai taɓa riƙe irinta ba?

Fara lissafa aikin da za ta riƙa yi maka. Ga yawancin mutane bai wuce yanke igiya, farke bakin buhu, buɗe kwali, feƙe fensir, ɓare lemo da fere rake ba. Ruwa mai tsawon santimita 7 zuwa 9 ya ishi wannan duka. Abin da ya haura haka nauyi ne kawai da jawo idon mutane.

Kauri ma ya fi tsawo muhimmanci, kuma shi ne ba a cika dubawa ba. Ɗauki wuƙa mai kaurin baya ka ɗora wa ɗanyen dankali. Bakin zai shiga kaɗan, jikin ya cije, sai ka danna da ƙarfi, dankalin ya tsage maimakon ya yanku. Siririya kuwa ratsawa take yi ta fita salin-alin, ko da kaifinsu ɗaya. Don haka kada kaurin bayanta ya wuce milimita 3, in ya gaza haka ma ya fi.

Sai nauyi. Buck 110, wuƙar mafarautan Amurka da ta fito a 1964, tana da ƙarko ƙwarai, amma nauyinta ya kai gram 200, shi ya sa ake haɗa ta da kube na ratayawa a bel. Jefa ta a aljihun kaftani ka ga yadda za ta rinjayi rigar gefe guda. Opinel mai lamba 8, wata wuƙar Faransa mai mariƙin katako, kuwa kusan gram 45 ce. Wuƙar da ta dame ka a aljihu gida za ka riƙa barinta.

An ce in nemi wadda ba ta tsatsa. Haka ne?

Ga mai farawa, haka ne. Ƙarfen wuƙa gida biyu ne. Akwai mai tsatsa, dangin wanda maƙeranmu ke ƙera wuƙar mahauta da shi daga tsohon sifirin mota. Wannan yana da daɗin wasawa, yana ɗaukar kaifi kamar aska, amma ba ya yafe sakaci. Yanka lemon tsami ko tumatir da shi ka ajiye, kafin ka gama cin abinci ya fara dusashewa. Wannan toka-tokar ba illa ba ce, har ma takan ɗan kare ƙarfen. Jar tsatsa ce abar gudu, kuma gumin aljihu a watan zafi ko laimar damina sun isa su kawo ta.

Gida na biyu shi ne wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam, kusan kashi 13 cikin 100 a yawancin wuƙaƙe, shi ke hana tsatsa kama shi da wuri. Sunayen da za ka riƙa gani a kan masu sauƙin kuɗi su ne 8Cr13MoV, AUS-8, 420HC da 12C27. Kada waɗannan lambobi su tsorata ka, duk sun isa aikin yau da kullum. Na farkon ma bayanin kansa yake yi: kabon kusan kashi 0.8, kuromiyam kashi 13. Akwai kuma D2 da 'yan kasuwa ke yawan yabo. Gaskiya yana daɗewa da kaifi, sai dai ranar da ya dakushe zai ba ɗan koyo wuya a kan dutse, kuma yakan yi ɗigon tsatsa. Ni ba zan fara da shi ba.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ne yadda aka gasa ƙarfen a wuta aka sanyaya shi. Ƙarfe iri ɗaya, wani kamfani ya gasa shi daidai ya riƙe kaifi, wani ya bar shi da laushi bakinsa ya lanƙwashe a kan igiyar leda. Ido ba ya ganin wannan a kasuwa. Shi ya sa sunan maƙerin ya fi sunan ƙarfen amfani ga mai saye.

Dole ne ta kasance mai makulli?

Ba dole ba ne. Ƙananan wuƙaƙen kamfanin Victorinox na Suwizalan ba su da makulli, sifirin da ke bayansu ne ke riƙe ruwan a buɗe, kuma mutane sun shekara fiye da ɗari suna aiki da su. Sharaɗin kawai shi ne ka yanka da baki, kada ka soka da tsini, don sukan ne ke naɗo ruwan a kan yatsu.

Masu makulli iri-iri ne. Opinel zobe gare ta a wuya, wanda aka ƙara mata a 1955, sai ka murɗa shi ya tare ruwan. Buck 110 makullinta a baya yake, sai ka danna ƙarshen mariƙin take sakuwa. Na zamani da yawa wani siririn fallen ƙarfe ne a cikin mariƙin, da ka buɗe sai ya tsallako ya tokare gindin ruwan.

Makullin banza ya fi rashin makulli haɗari, domin mutum zai saki jiki da shi. Saboda haka kafin ka biya, buɗe ta har ka ji ta ce ƙas. Kama bayan ruwan da yatsa biyu ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. In ka ji motsin gefe kaɗan, wani lokaci ɗaure kusar tsakiya na gyara shi. In motsin sama da ƙasa ne, ajiye ta. Leƙa cikin mariƙin ka ga inda fallen ya tsaya: ya kamata ya shiga ƙarƙashin gindin ruwan sosai, ba ya ɗan taɓa gefe ba, ba kuma ya zarce har ya manne da ɗaya bangon ba. Sannan janye yatsunka daga ramin da ruwan ke shiga, ka danna bayan da tafin hannu a hankali. Daga nan rufe ta, ka shafa yatsa a ƙarshen mariƙin. In ka ji tsini ya leƙo, wannan wuƙar za ta yanka ka a cikin aljihu wata rana kana lalubar canji.

To, faɗi sunaye. Waɗanne ne aka gwada aka yarda da su?

Opinel ta Faransa ce, Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie a 1890. Mariƙin katako, zobe, da siririn ruwa mai tsawon santimita 8.5 a lamba 8, shi ke nan. A Turai kuɗinta bai kai yuro 20 ba, amma a yanka ta kunyata wuƙaƙe da yawa da suka ninka ta tsada. Duba rubutun jikinta: Inox ita ce mara tsatsa, Carbone mai tsatsa. Aibinta katakon ne. In ya sha ruwa sai ya kumbura ya riƙe ruwan gam. Maganin da masu ita suka sani shi ne a buga ƙarshen mariƙin a kan tebur, ruwan ya ɗan ɓullo a kama, sannan a bar ta ta bushe.

Victorinox ta ƙasar Suwizalan ce, Karl Elsener ya kafa ta a garin Ibach a 1884. Ita ce ja mai alamar gicciye. Irin su Spartan da Tinker tsawonsu milimita 91 ne a rufe, suna da ruwa biyu, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba da sukudireba. Ƙarfenta ba ya daɗewa da kaifi sosai, amma cikin minti biyu yake dawowa. Tana da wata fa'ida da ba a rubutawa a kwali: in ka fito da ita a cikin jama'a ba wanda gabansa zai faɗi.

Akwai biyu da suka daɗe a Afirka. Okapi an fara ƙera ta a Jamus a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Zoben da ke bayanta ake ja ta rufu. Ƙarfenta mai tsatsa ne, kuma sau da yawa sai ka wasa ta da kanka kafin ta fara aiki. Douk-Douk kuwa daga garin Thiers na Faransa ta fito a 1929. Don tsibiran tekun Fasifik aka yi ta, amma sai ta fi samun kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, har akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka zana wa alamar gicciyen nan na Agadas. Falle ce, ba a jin ta a aljihu, sai dai sifirinta na da ƙarfi, a kula da yatsa wajen rufewa.

Wanda ke son ta zamani mai buɗuwa da hannu ɗaya, da maƙali na maƙalawa a bakin aljihu, ya duba Ontario RAT 2 ko Spyderco Tenacious. Sun fi waɗancan tsada da nauyi.

In ni za a tambaya, mai yawan yanka abinci da igiya ya ɗauki Opinel lamba 8 mara tsatsa. Ma'aikacin ofis, ɗalibi ko direba ya ɗauki Victorinox.

Amma ai araha ba ta ado. Ba gara in tara kuɗi in sayi mai tsada gaba ɗaya ba?

A'a. A kan wuƙar farko za ka koyi wasawa, za ka karce ta, wataƙila ma ta ɓace a cikin mota. Mai tsada tsoron taɓa ta za ka riƙa yi, kuma ba ka ma san irin wadda hannunka ke so ba tukuna.

Arahar da za a guda ita ce ta marasa suna: baƙin fenti, hoton kunama ko kwarangwal, haƙoran zarto a baya, maɓallin da ke cilla ruwan waje. Kuɗin duk a kwalliya ya ƙare. Ba maganar ƙasar da aka yi ta ba ce, don Tenacious ma a Sin ake ƙera ta. Sai kuma jabu, musamman na Victorinox. Ta gaske kowane kayan cikinta da tsalle yake buɗuwa ya rufu da ƙara mai tsabta, kuma an buga sunan kamfanin a gindin babban ruwan. Ta jabu sai ka yi ta fama da farce, almakashinta kuma tauna takarda yake yi.

Yaya zan wasa ta in ta dakushe?

Dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu ya wadatar. Jiƙa shi, kwantar da ruwan, ka ɗaga bayan kaɗan, kusan digiri 15 zuwa 20. Ka yi ta gogawa a gefe ɗaya har sai ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen in ka shafa yatsa daga baya zuwa baki. Wannan ne shaidar ka kai bakin. Juya ka yi haka, koma fuska mai laushi, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata kana jan ta da baya. In babu dutse, kife kofin tangaran, zoben gindinsa mara santsi yana aiki.

Kada ka miƙa ta ga mai wasawa da injin gurza ƙarfe. Dutsen injin na cinye siririn ruwa cikin daƙiƙoƙi, kuma in bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi.

Zan iya yanka ragon layya da ita?

Kada ka fara. Ruwan ya yi gajere, za ka wahalar da dabba, kuma jini da kitse za su shige mahaɗar inda wanki ba ya kaiwa. Wannan aikin doguwar wuƙa ce mai kube.

Ba matsala in riƙa yawo da ita?

Ya danganta da inda kake. A Ingila dokar 1988 ta yarda a ɗauki wuƙa mai naɗewa ba tare da bayar da dalili ba muddin bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta da makulli, wato Opinel lamba 8 ba ta tsira ba. A Jamus an hana yawo da mai makulli da ke buɗuwa da hannu ɗaya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A garuruwanmu kuwa, inda rikicin 'yan daba da sara-suka ya sa jami'an tsaro ke sa ido kan matasa, wuƙa a aljihu da dare, ko a wajen gangamin siyasa ko hawan sallah, neman magana ce komai kyawun niyyarka. A gona, a shago, a wajen aiki, nan ne muhallinta. Matafiyi a jirgi, har da maniyyaci, ya sa ta a babbar jakar da za a auna, in ba haka ba a wajen bincike za a karɓe ta.

Wace kulawa take buƙata?

Kaɗan ce. Goge ta bayan aiki, ka tabbata ta bushe kafin ka rufe. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a mahaɗa har buɗewa ta yi tauri, sai ka sa tsinken sakace ka fitar, ka ɗiga digo ɗaya na man keken ɗinki. In kana yanka abin ci da ita, man ya tsaya a mahaɗar, kada ya taɓa ruwan.

Abin da ya fi kashe wuƙar aljihu shi ne a mai da ita sukudireba ko abin ɓanɓare murfin fenti, tsinin ya karye nan take. Yawanci kuma ba mai ita ke yin haka ba. In wani ya ce ara mini wuƙarka, tambaye shi me zai yanka kafin ka miƙa.