Zagayayyar ƙugiya da ɗaura koto don kamun kifin shak: tambayoyi da amsoshi

Abuja ba ta da teku, amma tana da masu son fatsa. Waɗanda ke zama bakin tafkin Jabi ranar Asabar da sanda a hannu su ne dai ke kwana kallon bidiyon kamun kifin shak a YouTube, wasunsu kuma aiki kan kai su Legas ko Fatakwal, a gayyace su fita teku. Tambayoyin da ke ƙasa irin nasu ne, na mutanen da suka iya kamun tarwaɗa da karfasa amma suka ga wata ƙugiya da ba ta yi kama da tasu ba.

Mece ce zagayayyar ƙugiya, kuma me ya raba ta da wadda muka sani?

Ƙugiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu tsininta sama yake kallo, a jere da jikinta, shi ya sa ake kiranta mai siffar J. Duk abin da tsinin ya taɓa zai soka: leɓe, maƙogwaro, tumbi, ko yatsan mai ita. Zagayayyar kuwa an ci gaba da lanƙwasa ta har tsinin ya juyo yana kallon jikin ƙugiyar kai tsaye. Wanda ya fara ganinta sai ya ɗauka an taka ta da mota.

Ba sabon abu ba ce. Mutanen tsibiran tekun Fasifik, har da Mawori na Niyu Zilan, sun daɗe suna sassaƙa irinta da ƙashi da ɓawon dabbobin teku tun kafin ƙarfe ya iso musu. A farkon shekarun 1980 masuntan kifin halibut na arewacin Fasifik suka koma kanta saboda ta fi riƙe kifi a doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, wadda ake shimfiɗawa a tafi a bar ta.

To in tsinin ciki yake kallo, ta yaya take kama kifi?

Nan ne gaba ɗayan maganar take. Shak ya ɗauki koto, ya rufe baki, wataƙila ma ya haɗiye, sannan ya juya ya kama hanya. Zaren ya fara miƙewa. Da mai siffar J ce, nan take za ta kafe a inda take, ko da cikin tumbi ne. Zagayayyar ba ta da abin sokawa a gefenta na waje, sai ta sulalo daga maƙogwaro tana bin zaren har ta iso bakin kifin. Tun da kifin ya riga ya juya, zaren ta kusurwar baki yake fita. Idon ƙugiyar da jikinta su fara fita waje, ƙugiyar ta mirgina a kan muƙamuƙi, tsinin ya samu abin kamawa, ya nutse. Nauyin kifin da tafiyarsa su ne suka soka ta, ba hannun masunci ba.

Ana iya gwada wannan a tsakar gida. A ɗaura ƙugiyar a zare, a jefa ta cikin bokiti, a ja a hankali ta kan bakin bokitin. Za ta hau jikin bokitin ba ta kama komai ba, tana isowa baki sai ta juya ta maƙale. A sake gwadawa, amma a fizga da ƙarfi. Sau da yawa tsalle za ta yi ta fito fayau.

Ke nan ba a fizgar sanda in kifi ya ci?

Ba a fizga. Kuma wannan shi ne abin da ya fi wahalar da gwanayen fatsa, domin hannu ya riga ya saba: zare ya motsa, a ɗaga sanda. Wanda bai taɓa fatsa ba yakan fi tsohon hannu saurin koyon wannan ƙugiya.

Abin da ake yi shi ne a sassauta birkin injin naɗe zare, a bar shak ɗin ya tafi da koto na ɗan lokaci, sandar tana nuna inda zaren ya nufa. Sai a riƙa ƙara birki kaɗan-kaɗan, ana naɗewa, har zaren ya yi tsam, sandar ta lanƙwashe da kanta. A lokacin ne ake ɗagawa a fara kokawa. Ƙaramin koto ba ya buƙatar dogon jira. Babba yana buƙata, don sai kifin ya juya shi a baki kafin ya shige. Amma kada a ce tun da zagayayya ce bari a bar shi ya yi ta tafiya. In aka daɗe ƙwarai, ita ma takan kafe a ciki.

Me ya sa ake damuwa da inda ƙugiya ta kama? Ai kifi kifi ne.

Saboda mafi yawan shak ɗin da masu fatsar nishaɗi ke kamawa sakinsa ake yi. Wanda aka soka a kusurwar baki yana iya komawa ya rayu. Wanda ƙugiya ta yaga masa tumbi ko gaɓoɓin numfashi zai yi iyo ya tafi kamar lafiya lau, ya mutu daga baya.

Shak kuma ba tarwaɗa ba ne da ke zuba dubban ƙwai. Jinsunansa sun haura 500, kuma da yawa daga cikinsu sai sun shekara da shekaru kafin su balaga, su haifi 'ya'ya ƙalilan. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna yawan shak da danginsu na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, kuma yawan kamu ne babban dalili. Shi ya sa wasu ƙasashe suka mayar da ƙugiyar doka. Amurka ta wajabta ta a 2004 ga jiragen da ke shimfiɗa doguwar igiya a Atilantika, don rage mutuwar kunkurun teku. Daga Janairun 2018 ta wajabta ta ga masu fatsar shak na nishaɗi a mafi yawan ruwan tarayya na wannan gefen, jihar Fulorida kuma ta kawo nata ƙa'idojin a Yulin 2019, har da izini na musamman ga mai kamun shak daga bakin gaɓa.

Sai dai a faɗi gaskiya: ƙugiyar ba ta rage yawan shak ɗin da ake kamawa. A doguwar igiya ma wani lokaci ƙara shi take yi, domin in ta zauna a kusurwar baki haƙora ba sa samun zaren balle su datse. Abin da take ragewa shi ne mummunan rauni.

Wace iri za a saya?

Abu biyu ake dubawa. Na farko, a kwantar da ita a kan tebur. In ta kwanta shamal, tsininta na layi ɗaya da jikinta, ita ake so. In tsinin ya karkace gefe, to an mayar mata da rabin halin mai siffar J, tana iya kamawa a maƙogwaro. Na biyu, kada ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa. A nan tsatsa alheri ce: in dole ta sa aka yanke waya aka bar ƙugiya a bakin kifi, ruwan gishiri zai ci ta a hankali. Dokar Amurka ta 2018 da ta Fulorida ta 2019 duk sharuɗɗan nan biyu suka gindaya.

Girma kuwa da lamba ake rubuta shi, kamar 10/0, 16/0 ko 20/0, kuma lambar na hawa ƙugiyar na girma. Kada a dogara da lambar kaɗai, don 16/0 ta kamfanin Mustad ba lallai ta yi daidai da ta kamfanin Eagle Claw ko Owner ba. A dubi faɗin da ke tsakanin tsini da jiki. Dole ya isa ya haɗiye kaurin muƙamuƙin kifin da ake nema. Wasu kan danne kunnen ƙugiyar, wato 'yar ƙayar da ke ƙasan tsini, da filaya don cirewa ta yi sauƙi, kuma ban ga laifin hakan ba, siffarta ce ke riƙe kifi fiye da kunnen.

Wane koto shak ke so?

Kifi mai maiƙo da jini, domin da ƙamshi yake fara gano abinci daga nesa. Titus da shawa, waɗanda kowa ke gani a kasuwar kifi ta Kado, irinsu ne. Matsalarsu ƙanƙara: in suka narke naman yakan yi laushi ya zube daga ƙugiya tun wajen jifa. Maganinsa a barbaɗe su da gishiri su kwana a sanyi, naman ya yi tauri. Ɗanyen kifin da aka kama a wurin a ranar ya fi kowanne.

Yaya ake ɗaura shi a zagayayyar ƙugiya?

Masuncin kogi ya saba ɓoye ƙugiya cikin tana ko hanjin kaza har ba a ganin ƙarfe. In aka yi wa zagayayya haka an kashe ta. Ba za ta iya mirginawa ba, tsinin kuma naman koto zai soka maimakon muƙamuƙi. Ƙa'idar ita ce tsini da faɗin bakin ƙugiyar su kasance a fili. Shak ba ya tsoron ganin ƙarfe.

In yanki ne, a soka sau ɗaya tak ta fata, kusa da gefe, inda ya fi tauri. A duba tsinin bayan an soka. Ɓawon kifi guda ɗaya in ya maƙale a kai ya isa ya hana kamu. In kifi ne sukutum, a shigar da ƙugiyar ta ƙasan haɓa ta fito ta saman hanci, ta rufe masa baki, don in baki na buɗe ruwa zai riƙa shiga yana wulwula shi. Yanke wutsiya ma na rage wulwulawar. Wasu kan tsaga kifin daga wutsiya zuwa kai ta gefe biyu, su cire ƙashin baya, su bar naman na reto a jikin kai. Haka ya fi zubar da ƙamshi, ya kuma fi sauƙin naɗewa a baki.

Hanyar da ta fi duka, a ganina, ita ce kada ƙugiyar ta shiga koton sam. A samu basilla da zare mai kakin zuma irin na masu ɗinkin takalmi, ko robar ɗaure kuɗi mai kauri. A yi madauki, a ratsa shi ta gaban ramin idanun kifin ko ta hanci, a saƙala bakin madaukin biyu a ƙugiya, a murɗa ta sau da dama har ta matso kusa da kan kifin, sannan a zura ta ƙarƙashin murɗin don kada ya warware. Ƙugiyar na zaune a gaban koto, tsirara, tana juyawa yadda ta ga dama. In koton mai rai ne ma ya fi daɗewa yana iyo, tun da ba a huda shi da kaurin ƙarfe ba. Aikin na cin 'yan mintuna, cikin jirgin da ke tangaɗi kuma basilla ba abar wasa ba ce, don haka gara a shirya madaukan tun a tudu.

Tsakanin ƙugiya da zare fa, me ake sawa?

Waya, domin haƙoran shak na datse zaren nailan. Mai sili ɗaya ana murɗa ta da hannu, mai silla da yawa kuma ana matse ta da ɗan bututun ƙarfe. Ko wacce ce, a bar ɗan madauki a idon ƙugiyar don ta samu sakewa. In aka ɗaure ta ƙam da waya mai tauri, mirginawar ta ragu. Bayan waya sai nailan mai kauri ƙwarai, tsawonsa ya zarce na kifin da ake sa rai. Dalili shi ne fatar shak kamar sanfefa take, in ya naɗe jikinsa da zare ko ya buge shi da wutsiya, siririn zare ba ya kai labari. Sai ɗan ƙarfen majuyi tsakanin wannan da babban zare. Dalma kuma da siririn zare ake ɗaura ta, don ta tsinke ta faɗi in kifi ya ɗauka.

An jawo shi kusa. Sai me?

A bar shi cikin ruwa. Jikinsa guringuntsi ne ba ƙashi ba, jan sa kan yashi ko ɗaga shi ta wutsiya na yi masa lahani, kuma yana iya lanƙwasowa ya ciji hannun da ke riƙe da shi. Akwai dogon ƙarfe na cire ƙugiya daga nesa. In ta ƙi fita, a yanke wayar kusa da baki gwargwadon yadda za a iya ba tare da kai hannu ga haƙora ba, ko a datse ƙugiyar da almakashin ƙarfe. Jinsin nan mai kai kamar guduma ya fi kowa saurin mutuwa bayan doguwar kokawa. Da zarar an gane shi ne, a yanke a sallame shi, a haƙura da hoto.

Ana cin namansa?

Ana ci, kuma a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne. Amma jininsa na ɗauke da sinadarin da ke juyewa zuwa zarni in ba a zubar da jinin da wuri an sa naman a ƙanƙara ba. Manyan shak kuma na tara sinadarin makuri mai guba a jiki, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ke ba masu juna biyu da ƙananan yara shawarar su guji cin sa.

Wanda ba zai je teku ba, ƙugiyar za ta yi masa amfani a nan?

Ƙwarai. Tarwaɗa haɗiye koto take yi ta juya ta tafi, wato daidai abin da ƙugiyar ke so, kuma duk wanda ya taɓa tono ƙugiya daga cikin tarwaɗa ya san wahalar. Ƙarama, daga 3/0 zuwa 6/0 gwargwadon girman kifin wurin, ta wadatar, ba kuma sai da waya ba, sai in ruwan na da tsage mai haƙora. Ta fi dacewa da wanda ke kafa sanduna biyu ko uku a bakin ruwa ya koma inuwa, domin kafin ya taso kifin ya riga ya soka kansa. Karfasa mai tsattsagar koto da ɗan ƙaramin baki kuwa, a bar mata tsohuwar ƙugiyar da aka saba.