Cocin Waliyyi Stanislaus Kostka na Shikago

Cocin Waliyyi Stanislaus Kostka ikilisiya ce ta ɗariƙar Katolika a unguwar Pulaski Park da ke arewa maso yammacin birnin Shikago na Amurka. An kafa ta a 1867, kuma ita ce ta farko da 'yan ci-rani daga Poland suka mallaka a birnin, shi ya sa ake kiranta uwar cocin 'yan Poland na Shikago. Sunan na wani matashi ne ɗan Poland da ya shiga ƙungiyar Jesuit, ya rasu a Roma a 1568 yana ɗan shekara 17.

Kafuwa

A lokacin da waɗannan mutane suka fara sauka a Shikago, babu ƙasar Poland a taswira. Rasha da Prussiya da Austriya sun gama raba ta tsakaninsu tun 1795. Akasarin masu zuwa manoman ƙauye ne da ƙarancin gona da talauci suka koro, su da kansu suna cewa sun fito ne "za chlebem", wato neman burodi. Daga baya matsin da gwamnatin Bismarck ta Jamus ta yi wa Katolika a shekarun 1870 ya ƙara yawansu.

A 1864 wasu magidanta suka kafa ƙungiyar taimakon juna da sunan waliyyin. Cikinsu akwai Peter Kiołbassa, wanda ya fara zama a Panna Maria ta jihar Texas, ya yi yaƙin basasar Amurka, daga bisani ya zama ma'ajin birnin Shikago a 1891. Ƙungiyar ce ta tara kuɗi, ta sayi fili a titin Noble, ta gina ƙaramin coci na katako. A 1871 bishop ɗin birnin ya damƙa ikilisiyar a hannun limaman ƙungiyar Tashin Almasihu, wadda 'yan gudun hijirar Poland suka kafa a Paris a 1836.

Zamanin Fada Barzyński

Tarihin wannan coci ba ya rabuwa da sunan Fada Wincenty Barzyński, wanda ya riƙe ta daga 1874 har rasuwarsa a 1899. Mutum ne mai ƙarfin hali da kaifin harshe, masoyansa da maƙiyansa duk sun yarda da wannan. A hannunsa aka gina cocin bulo da ke tsaye har yau, daga 1877 zuwa 1881, bisa zanen Patrick Keely, wanda kuma shi ya zana babban cocin Holy Name na birnin. An kammala hasumiyoyin biyu a 1892. Zanen da ke saman bagade aikin Tadeusz Żukotyński ne.

Zuwa 1897 ana ƙiyasta mabiya sun kai iyalai 8,000, wajen mutum 40,000, abin da ya sa ta shiga sahun ikilisiyoyi mafi girma a Amurka. Ginin bene ne, coci a sama coci a ƙasa, ranar Lahadi kuma ana yin sujadar Mas sau goma sha biyu, shida a kowane hawa. Mutane na fitowa ta wata ƙofa, wasu na jira su shiga.

Amma ibada ɓangare ɗaya ce kawai. Baƙon da ya sauko daga jirgin ƙasa ba ya jin Turanci, nan yake samun wanda zai nuna masa ɗakin haya da masana'antar da ke ɗaukar leburori. Akwai makarantar da sistocin Notre Dame ke koyarwa da harshen Poland da Turanci, ɗalibanta dubbai. Akwai asusun ajiya, inda ma'aikata ke ba cocin amanar ɗan abin da suka tara, da ƙungiyoyi barkatai na mata da na samari da na mawaƙa da na jana'iza. A 1890 Barzyński ya kafa kwalejin Waliyyi Stanislaus da jaridar kullum mai suna Dziennik Chicagoski. Unguwar ma sunan cocin ta ɗauka: Stanisławowo. Idan aka tambayi mutum daga ina yake, da sunan cocinsa yake amsawa, ba da sunan titi ba. Da cunkoso ya yi yawa sai aka yanka sababbin ikilisiyoyi daga jikinta, irin su Waliyyiya Hedwig a 1888 da Waliyyi John Cantius a 1893.

Rigimar takardar fili

'Yan taku kaɗan kudu da cocin, a kan titin Noble ɗin dai, akwai cocin Triniti Mai Tsarki, wanda aka gina a farkon shekarun 1870. Rigimar da ta shiga tsakanin cocin biyu ta ci wajen shekara ashirin, kuma tushenta tambaya ɗaya ce: wa ke da cocin? Mutanen Triniti suka ce da guminsu aka gina shi, don haka takardar fili a hannunsu za ta zauna. Barzyński da bishop suka ce dokar Katolika ba ta san wannan ba. An rufe cocin Triniti ba sau ɗaya ba, har sai da wakilin Fafaroma, Francesco Satolli, ya sa baki a 1893, aka miƙa shi ga limaman ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki.

A ƙarƙashin maganar fili akwai wata da ta fi ta zurfi. Ɓangaren Barzyński, masu Ƙungiyar Katolikan Poland da aka kafa a 1873, sun ɗauka cewa zama ɗan Poland da zama Katolika abu ɗaya ne. Masu Ƙawancen Ƙasa na Poland, da aka kafa a 1880, sun sa 'yantar da ƙasar a gaba, ko da mutum ba mai zuwa coci ba ne. Jaridun ɓangarorin biyu sun daɗe suna yi wa juna wankin babban bargo.

Babbar hanya da sababbin mabiya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jikokin 'yan ci-ranin suka fara ƙaura zuwa unguwannin bayan gari. A shekarun 1950 aka tsara babbar hanyar mota da za ta bi ta kan cocin, wato a rushe shi. 'Yan Poland suka yi tsaye, wani injiniya ɗan siyasar unguwar, Bernard Prusinski, ya kawo tsarin da ya karkatar da hanyar zuwa gabas. An buɗe ta a 1960, ita ce yanzu ake kira Kennedy, kuma mai tuƙi yana ganin yadda ta yi kwana daf da bangon cocin. Ginin ya tsira, amma an rushe gidajen mabiya da yawa. A 1964 kuma tsawa ta faɗa kan hasumiya ɗaya ta ƙone samanta, ba a sake gina shi ba.

Iyalai masu jin Sifaniyanci, akasari 'yan Meziko, su suka cika kujerun da aka bari. A 2007 Kadinal Francis George ya ayyana cocin a matsayin wurin ziyarar Jinƙan Allah na Shikago. Limaman Tashin Almasihu ne dai ke riƙe da shi, kuma ana yin Mas da Turanci da Sifaniyanci da harshen Poland.