Tanis a Ƙananan Rukunonin Kwalejojin Amurka

Tanis na ƙananan rukunoni shi ne gasar ƙwallon tanis da ɗaliban jami'o'i da kwalejojin Amurka ke bugawa a ƙasa da Rukuni na Ɗaya na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin manyan makarantun ƙasar. A 1973 ne hukumar ta kasa makarantunta gida uku. Rukuni na Biyu da na Uku su ake kira ƙanana, wani lokaci a haɗa da makarantun NAIA, wata ƙungiyar wasannin kwalejoji dabam da NCAA, da kwalejojin shekara biyu. Ƙanƙantar ta kuɗi ce da shahara, ba ta yawa ba, domin Rukuni na Uku ya fi kowane rukuni yawan makarantu, sama da 400.

Bambancin rukunonin

Kuɗi ne ya raba su. A Rukuni na Biyu ana ba ɗan wasa tallafin karatu, amma da iyaka: adadin tallafi 4.5 ga ƙungiyar maza, 6 ga ta mata, koci ya gutsuttsura shi tsakanin 'yan wasansa. Shi ya sa ƙungiyoyin wannan rukuni da na NAIA suke cike da baƙi daga Turai da Kudancin Amurka. A Rukuni na Uku kuwa ba a ba kowa ko sisi don iya wasa. Ɗalibi na iya samun tallafi saboda ƙoƙarinsa a aji ko ƙarancin abin hannun iyayensa, kamar kowane ɗalibi.

Yadda ake karawa

Tanis wasan mutum ɗaya ne, amma a kwaleji ya koma na ƙungiya. Idan makarantu biyu suka haɗu, ana buga wasan bibbiyu guda uku, sannan wasan ɗai-ɗai guda shida, kowa da takwaransa gwargwadon matsayinsa. Ƙidaya iri biyu ce. A ɗaya, kowane wasa maki guda ne, jimla tara, wanda ya fara kai biyar ya yi nasara. Da wannan Rukuni na Uku ya daɗe yana aiki a baya. A ɗayar, wasannin bibbiyun duka maki guda suke bayarwa, jimla bakwai.

Ƙarfin gasar daga wannan tsari yake fitowa. Makin gwarzon ƙungiya da makin na shida darajarsu ɗaya, don haka tauraro ɗaya ba ya ci wa makaranta kofi. Sau da yawa za a ga filaye biyar sun watse, an yi kunnen doki, saura fili na ƙarshe can kusa da shinge. 'Yan wasan da suka gama sai su jeru a gefe da guminsu, suna ihu bayan kowace ƙwallo, yayin da ɗalibai biyu da ba wanda ya san sunansu a wajen makaranta suke ɗauke da nauyin kowa. Shirun da aka saba gani a Wimbledon babu shi a nan. A yawancin karawa ma 'yan wasan ne da kansu ke faɗin ko ƙwallo ta fita layi a ɓangarensu, abin da ke gwada amanar matashi a lokacin da ya fi son nasara.

Makarantun da suka yi fice

Kwalejin Kalamazoo da ke jihar Michigan, wadda ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, ita ta ci kofin maza na farko na Rukuni na Uku a 1976, ta kuma tara kofuna bakwai a hannun koci George Acker. Tun daga 1936 ta yi sama da shekara 70 tana lashe gasar yankinta a jere. A filinta na Stowe ake buga gasar ƙasa ta samari 'yan shekara 18 zuwa ƙasa. Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz ita ma ta ci bakwai. A ɓangaren mata, wanda gasarsu ta fara a 1982, Kwalejin Williams ta ci shida a jere daga 2008 zuwa 2013, kuma Jami'ar Emory ta Atlanta ce babbar abokiyar hamayyarta.

A Rukuni na Biyu, Jami'ar Kudancin Illinois ta Edwardsville ta riƙe kofin maza daga 1978 zuwa 1984. Daga cikin 'yan wasanta akwai Ken Flach da Robert Seguso, waɗanda suka ci wasan bibbiyu na Wimbledon a 1987 da 1988, suka kuma ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Jami'ar Lander ta ci takwas a jere daga 1993 zuwa 2000.

Wanda aka fi buga misali da shi a Rukuni na Uku shi ne Eric Butorac na Kwalejin Gustavus Adolphus a Minnesota. A 2003 ya ci kofin ɗai-ɗai da na bibbiyu. A 2014 shi da Raven Klaasen na Afirka ta Kudu suka kai wasan ƙarshe na bibbiyu a gasar Australian Open, a shekarar kuma aka zaɓe shi shugaban majalisar 'yan wasa ta ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza ta duniya, ya gaji Roger Federer. Irinsa ba su da yawa, gaskiya ce, amma ya nuna ƙofar ba a rufe take ba.

Abin da ke jan ɗalibai

Da yawa daga makarantun da suka fi ƙarfi a Rukuni na Uku suna cikin waɗanda suka fi wuyar shiga a Amurka: Williams, Amherst, Middlebury, Johns Hopkins, Jami'ar Chicago. Matashin da zai iya samun gurbi a Rukuni na Ɗaya ya zauna a benci yakan gwammace ya zo nan ya riƙa buga wasa tun shekarar farko, yana karatun likita ko injiniya. Lokacin atisaye ƙayyadadde ne, tafiye-tafiye ba su da yawa. Ma'aunin UTR, mai auna ƙwarewar ɗan wasa daga 1 zuwa 16.5, ya sauƙaƙa kwatanci, kuma yana nuna cewa manyan ƙungiyoyin Rukuni na Uku sun fi wasu na ƙasan Rukuni na Ɗaya.

Raunin ƙananan rukunonin shi ne tanis ba ya kawo wa makaranta kuɗin shiga, kofi kuma ba ya kare ƙungiya idan aljihu ya matse. Jami'ar Brigham Young ta Hawaii, wadda matanta suka sha cin kofin Rukuni na Biyu, ta rufe dukkan wasanninta na gasa a 2017. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin Jami'ar Armstrong ta Savannah, babbar abokiyar karawarta, suka buga wasansu na ƙarshe, bayan an yanke shawarar haɗe makarantar da Georgia Southern.